Ƙullutu a Mama: Kira ga Matan Salaga, Yendi da Bawku Tun Kafin Lokaci Ya Ƙure

A zangon Salaga, ko a unguwannin Yendi, ko a cikin kasuwar Bawku, duk a arewacin Ghana, idan mace ta ji wani abu ya tsiro mata a mama, maganar da ta fi saurin fitowa daga bakinta ita ce: "Ai ba ya mini ciwo." Da ita take kwantar wa kanta hankali, da ita kuma take rufe bakin 'yar'uwar da ta ce a je asibiti. Wata biyu su wuce, shida su wuce. A haƙe doya, a kai albasa kasuwa, a yi bikin 'ya, abin yana nan yana girma a ƙarƙashin zane. Sai ranar da ya fara zogi, ko ya fashe ya fara wari, sannan hankalin gida ya tashi a shiga neman mota.

Abin da likitoci suka sani ya saɓa wa wannan tunani. Ƙurjin da ke zafi, ya yi ja, ya hana barci, galibi maruru ne ko kumburin jego, kuma maganinsa na kusa. Wanda ke zaune shiru, mai tauri, ba zafi ba ƙaiƙayi, shi ne ya fi cancantar a yi masa gaggawa. Akwai kuma albishir da ya kamata kowace mace ta riƙe: a cikin ƙullutai goma da ake kaiwa asibiti, wajen takwas ba sankara ba ne. Sai dai hannu ba ya iya bambance takwas ɗin da biyun, ido ma haka. Gwaji ne kaɗai ke raba gardama.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an gano sankarar mama a jikin mata miliyan 2.3 a faɗin duniya, kuma mata kimanin 670,000 sun rasu a dalilinta. A Ghana, ƙiyasin cibiyar binciken sankara ta hukumar ya nuna an samu sababbin masu cutar fiye da 5,000 a wannan shekara, fiye da 2,300 kuma sun riga mu gidan gaskiya. Ita ce sankarar da ta fi kama mata a ƙasar.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yawan masu mutuwa a cikin waɗanda suka kamu. A ƙasashe masu arziki, fiye da mata 90 cikin 100 suna nan da ransu shekara biyar bayan an gano cutar. A ƙasashenmu abin bai kusa da haka ba, kuma babban dalili shi ne jinkiri. Binciken da aka sha yi a manyan asibitocin koyarwa na Ghana ya nuna fiye da rabin matan suna zuwa ne bayan cutar ta yi nisa, da yawa bayan sun shafe watanni suna ɗauke da ita. Ya kuma nuna cewa a nan cutar tana yawan kama mata 'yan shekara arba'in da wani abu, wato mata masu ƙarfi a jika, masu 'ya'ya a makaranta, masu riƙe da tukunyar gida.

Abin da ke fitowa a kan fata

Fatar mama fata ce kamar ta sauran jiki, duk abin da ke fita a cinya ko a baya yana iya fita a nan. Wanda aka fi sani shi ne maruru. Ƙwayar cuta ce ke shiga ramin gashi, wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya tara mugunya, bayan kwanaki ya yi baki ya fashe. Ya fi son ƙarƙashin mama da hammata, inda zufa ke taruwa, musamman a zafin Maris da Afrilu da arewacin Ghana ta san shi sarai. A riƙa gasa shi da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, kada a matse shi. Idan mako biyu suka wuce bai warke ba, ko ya zo da zazzaɓi, ko yana tafiya yana dawowa, a je asibiti, a kuma nemi gwajin ciwon suga, domin maruru mai yawan dawowa yakan zama alamarsa.

Akwai ɗan ƙullutu mai zagaye da ke zaune a cikin fata, wani lokaci da ɗigon baƙi a tsakiyarsa. Jaka ce ƙarama da ta cika da mataccen ɓawon fata, in an matsa ta sai wani farin abu mai wari ya fito. Ba ta da haɗari, amma matsa ta na sa ta rure. Akwai ƙullutun kitse, mai laushi, mai zamewa a ƙarƙashin yatsa, wanda kan yi shekaru bai sauya ba. Akwai tabon da ke tasowa ya yi tudu mai sheƙi da ƙaiƙayi bayan ƙuna ko tsaga ko ƙurji, wanda ya fi yawa a baƙar fata kuma ya fi son tsakiyar ƙirji. Irin wannan in aka kai wa wanzami ya yanke, dawowa yake yi ya fi da girma. Su kuwa 'yan ƙananan tsirai da ke kewaye da kan mama, waɗanda ke ƙara fitowa lokacin goyon ciki, halitta ce. Su ke fitar da maiƙon da ke hana kan mama tsagewa, a bar su yadda suke.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ƙudan da ke saka ƙwai a jikin tufafin da aka shanya a ƙasa ko a inuwa. In aka sa rigar mama ko zanen da ƙwan ke jiki, tsutsar sai ta huda fata ta zauna. Wurin ya yi kamar maruru, da ɗan rami a tsakiya, mace ta riƙa jin kamar abu na motsi. A asibiti ana toshe ramin da man basilin har tsutsar ta leƙo neman iska, a cire ta. Shanya a igiya cikin rana da guga su ne rigakafinsa.

Abin da ke cikin mama

Ga mai jego, kumburin mama tsohon labari ne. Hanyar nono takan toshe, gefe ɗaya ya yi tauri ya yi zafi, wani lokaci jiki ya ɗauki zazzaɓi da rawar sanyi. A gidaje da yawa, abu na farko da ake yi shi ne hana jariri wannan maman, wai nonon ya ɓaci. Wannan shi ke ƙara dagula lamarin, domin nonon da bai fita ba shi ke taruwa ya zama mugunya. A ci gaba da shayarwa, ko a tatse a hankali. In kwana ɗaya ko biyu suka wuce ba sauƙi, a je a karɓi maganin kashe ƙwayoyin cuta. In ya riga ya tara mugunya, ma'aikacin lafiya ne zai zuƙe ta da allura ko ya buɗe wurin cikin tsabta. Sakiya a gida tana iya huda hanyar nono, ta bar gyambon da zai yi watanni yana tsiyaya.

Ga 'yan mata da matan da ba su kai talatin ba, ƙullutun da aka fi gani shi ne wanda likitoci ke kira faiburo'adinoma. Yana da santsi, yana da iyaka a fili, ba ya ciwo, in an taɓa shi sai ya zame ya gudu. Ba sankara ba ne, wani ma yakan ƙanƙance da kansa, amma sai an gwada ake tabbatarwa. Matan da suka haura talatin da biyar kuwa sukan samu jakar ruwa a cikin mama, wadda kan ƙara girma da zafi gab da al'ada. Wasu matan dukkan maman ne ke yin guda-guda da nauyi kafin al'ada, ya saki bayanta. Bugu ko faɗuwa daga babur ma na iya barin dunƙulen kitse mai tauri. Tarin fuka, wanda aka fi sani a huhu, jefi-jefi yakan kama mama ko ya kumbura kaluluwar hammata.

Iyaye mata su lura da abu biyu. Yarinyar da ta fara ƙirgar dangi, sau da yawa gefe ɗaya ne ke riga ɗaya fitowa, da ɗan tauri da ɗan zafi a bayan kan mama. Girma ne, kada a bari kowa ya sa masa aska. Haka jariri sabon haihuwa, mace ko namiji, mamansa kan kumbura har ya fitar da ɗan ruwa, saboda sinadaran jikin uwa da suka rage a jikinsa. Zai saɓe da kansa cikin makonni. Matsa shi da kakanni ke yi a wurin wanka shi ke jawo ƙurjin da ke kai jariri gadon asibiti.

Alamomin da ba a kwana da su

Sankarar mama takan fara ne da ƙullutu mai tauri, marar santsi, wanda sau da yawa ba ya ciwo, kuma in ya daɗe sai ya kafe ya daina motsi. Ya fi yawan fitowa a sashen sama na mama, ta wajen hammata. Duk sabon ƙullutu ya cancanci a nuna wa ma'aikacin lafiya. Wanda ya wuce al'ada guda bai ɓace ba, ko yake ƙara girma, ko ya fito wa macen da ta haura arba'in ko ta daina al'ada, wannan ba ya jiran a gama girbi.

Ba kullum cutar ke zuwa da ƙullutu ba, wani lokaci fata ce ke fara ba da labari. Wuri ya lotsa ciki kamar an ja shi da zare. Fata ta yi kauri da 'yan ramuka irin na ɓawon lemu. Kan mama da a da yake tsaye ya nutse ciki, ko ya karkace. Jini ko wani ruwa ya riƙa fita daga kan mama ɗaya ba tare da an matsa ba. Kan mama ya yi ɓawo da ƙaiƙayi, a yi ta shafa mai ya ƙi warkewa. Mama ɗaya ya sauya girma ko siffa. Kaluluwa mai tauri ta fito a hammata ko a saman ƙashin wuya ta ƙi tafiya. Gyambo ya buɗe ya ƙi rufewa.

Akwai wata irin sankara mai saurin yaɗuwa da ke shigar burtu da kamannin kumburin jego: mama ya kumbura, ya yi ɗumi, ya yi nauyi, launinsa ya sauya. A baƙar fata ba lalle a ga ja ba, sai dai wurin ya ƙara duhu. Saboda haka duk macen da aka ba maganin kumburi ta shanye shi, mako ɗaya ko biyu ba sauyi, ta koma asibiti ta ce a ƙara bincike, balle in ba shayarwa take yi ba. Ciki da shayarwa ma ba sa hana sankara zuwa, kada a ɗora wa nono laifin kowane ƙullutu. Maza kuma kada su ɗauka ba ruwansu: kusan mutum ɗaya cikin 100 na masu wannan cuta namiji ne.

Abin da ke tsayar da mata a gida

Na farko tsoro ne, kuma tsoron yana da tushe. Kusan kowace unguwa tana da labarin wata baiwar Allah da aka kai birni, aka yanke mata mama, ba ta daɗe ba ta cika. Daga nan maganar nan ta samu gindin zama, cewa ciwon daji, wato sankara, ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi da wuƙa ko allura sai ya fantsama. Amma a tambayi wata nawa ta yi da ciwon kafin a kai ta. Galibi cutar ta riga ta kai huhu ko ƙashi ko hanta tun kafin ta hau gadon tiyata. Matan da aka yi wa aiki da wuri suka warke suna nan a cikinmu, suna cin kasuwa suna aurar da 'ya'ya, sai dai ba sa tallar abin da ya same su. Mutuwa ake gani a fili, waraka kuwa tana ɓoye, shi ya sa lissafin jama'a ya karkace. A sani kuma, in an zo da wuri, sau da yawa ƙullutun kaɗai ake cirewa a bar maman.

Na biyu shi ne fassarar da ake yi wa ciwon. Wata ta ce jifa ne, wata ta ce aikin kishiya ne, wata ta ce kuɗin da take sakawa a rigar mama ne. Ajiye kuɗi a rigar mama ba ya kawo sankara, kuma ba a ɗaukar ta ta hanyar cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya. Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarinta su ne yawan shekaru, samun cutar a wurin uwa ko 'yar'uwa, ƙiba bayan daina al'ada, da shan barasa. Shayarwa mai tsawo tana rage haɗarin, amma ba ta kawar da shi. Kimanin rabin matan da ke kamuwa ba su da wani dalili da za a nuna, illa kasancewarsu mata da shekarunsu.

A tsakanin haka ake bi ta wurin masu magani. A shafa man kaɗanya, a ɗaura saiwa, a yi tsaga, a sa garin da ke cin fata har wurin ya zama gyambo. Addu'a makamin mumini ce, babu mai hana ta, amma addini da kansa ya yi umarni da neman magani, kuma malamai sun halatta likita namiji ya duba mace in lalura ta kama babu mace a kusa. A yi addu'ar a kan hanyar asibiti.

Na uku shi ne nisa da kuɗi. Daga Yendi zuwa Tamale kimanin kilomita 100 ne, daga Salaga kimanin 120. Mai fitowa daga Bawku sai ta yi wajen kilomita 80 zuwa Bolgatanga, sannan ta ƙara kusan ninki biyu na haka kafin ta isa Tamale. Rikicin sarauta da ya sake tashi a Bawku tun ƙarshen 2021, da dokar hana fita da fargabar hanya, sun sa tafiyar ta ƙara nauyi. In kuma magani ya kai ga gashi da na'ura, cibiyoyin gwamnati da aka daɗe ana dogaro da su suna asibitin Korle Bu a Accra da na Komfo Anokye a Kumasi, kuma Kumasi kaɗai ta kusa kilomita 400 daga Tamale. Wannan nisa shi ne babbar hujjar tashi da wuri. Ciwon da aka tara da ƙuruciyarsa ya fi sauƙin magani, ya fi arha, ya fi ƙarancin zirga-zirga.

Abin da za a tarar a asibiti

Ba sai an fara da Tamale ba. Ƙananan cibiyoyin lafiya na ƙauyuka da ake kira CHPS, tsarin da ya samo asali daga Navrongo a shekarun 1990, suna da nas ko ungozoma da za ta duba ta tura gaba. Salaga da Yendi kowanne yana da asibitin gwamnati, Bawku tana da asibitin Presbyterian. Daga nan ake rubuta takardar turawa zuwa Bolgatanga ko Asibitin Koyarwa na Tamale.

Binciken hawa uku ne. Da farko za a yi tambayoyi, yaushe aka fara jin abin, ko yana sauyawa da al'ada, ko akwai mai irinsa a dangi, sannan a kwantar da mace a lalluba maman biyu da hammata. Tana da damar neman mace ta duba ta, ko 'yar'uwarta ta tsaya a ɗakin. Na biyu hoto ne: sikanin ga masu ƙananan shekaru, mamogiram ga waɗanda suka kai arba'in. Na uku, in akwai shakka, a kashe zafin wurin a sa allura a ɗebo ɗan ƙanƙanin yanki a kai ɗakin gwaji. Wannan allura ba ta yaɗa cuta, kuma ita ce ke faɗin gaskiyar abin da ke ciki. A koma a karɓi sakamako, kada tsoro ya sa a bar shi a can.

Tsarin inshorar lafiya na ƙasa, wanda aka kafa da dokar 2003, ya sa maganin sankarar mama a cikin abubuwan da yake ɗauka, kuma ana sabunta kati ta waya da lambar *929#. Kuɗin mota da masauki da wasu gwaje-gwaje sukan faɗo kan iyali, a nan ne adashi da ƙungiyoyin mata da gudummawar masallaci za su yi amfani. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora wa ƙasashe buri uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu cutar tun tana matakin farko ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60 daga zuwan mace asibiti, kuma aƙalla kashi 80 su kai ƙarshen maganinsu. Dakta Beatrice Wiafe Addai ta Kumasi, wadda ta kafa ƙungiyar Breast Care International a 2002, ta shafe shekaru tana bin garuruwa da wannan saƙo. Arewa na buƙatar irin wannan aiki da Hausa da Dagbanci da Gonjanci da Kusasanci, duk tsawon shekara.

Aikin da ke hannun kowa

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sau ɗaya a wata, 'yan kwanaki bayan ɗaukewar al'ada, ki tsaya gaban madubi ki dubi maman biyu, hannuwa a sake, sannan a ɗage sama. Wurin wanka, da sabulu a jiki, ki ɗora hannun dama a ƙeya, ki sa tafin yatsu uku na hagu ki bi maman dama a hankali kina dannawa, daga ƙashin wuya har ƙasan mama, daga tsakiyar ƙirji har cikin hammata. Ki sauya hannu ki yi wa ɗayan. Wadda ta daina al'ada ta zaɓi rana guda, kamar ganin sabon wata. Manufar ita ce ki san yadda jikinki yake, domin ranar da wani abu ya sauya ki gane.

Maigida, in iyalinka ta ce ta ji wani abu, kada ka ce a bari a gani. Ka ba ta kuɗin mota, in da hali ka raka ta, ka kuma faɗa mata da bakinka cewa ko me likita ya ce kana tare da ita, domin tsoron rasa aure ya sa mata da yawa sun ɓoye ciwo har ya kai su kabari. Magajiya da shugabannin mata, ku sa maganar a wurin suna da biki. Limamai da sarakunan zango, minti biyar bayan salla na iya ceton uwar wani. Masu maganin gargajiya da wanzamai, in mace ta zo da ƙullutu a mama, alheri mafi girma da za ku yi mata shi ne ku ce ta je a gwada tukuna. Hukumomi kuma su kawo na'urorin hoto da na gashi kusa da mutanen arewa, su horar da nas-nas na ƙauye, su tabbatar sakamakon gwaji ba ya kwana watanni a hanya.

'Yar'uwa, in kin ji abu a mamanki, ko kin san wadda ke ɓoye nata, kada ku jira ya yi ciwo. Ku je asibiti mafi kusa a cikin wannan makon. In ba komai ba ne, kin sayi kwanciyar hankali da kuɗin mota. In kuwa wani abu ne, kin zo a lokacin da magani ke aiki. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kare masu lafiya.